Jan Zaren da Ya Faɗa Ruwan Wanka

Ranar Talata

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Ya gwiwar taki? Kin ce min da sauƙi, amma na san ki, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya cewa za ki yi da sauƙi. Ki riƙa shafa maganin, ki kuma daina hawa benen nan sau goma a rana kamar wadda aka aika.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannun kowa. A waya ba na iya magana ne. Bango ɗaya ya raba ɗakina da na ɗana Ɗan Zare, kuma kin san kunnensa, ko allura ce ta faɗi sai ya ji. Maganar kuwa tasa ce.

Ya bar aikin shagon buga takardu. Aiki na uku ke nan da ya bari, kuma wannan karon babu wanda ya yi masa komai. Mai shagon da kansa ya tako har gida, ya zauna a kan bencin da masu kawo ɗinki ke zama, ya ce min bai taɓa samun ma'aikaci mai tsafta irinsa ba, ko harafi ɗaya ba ya kuskurewa. Abin da ya faru kawai, an aike shi ya kai takardu wani ofis a hawa na huɗu. Ya tsaya a gindin matakala, ya ɗaga kai ya duba, ya dafe ƙirji, ya juyo da takardun a hannu. Washegari bai je ba. Yau mako bakwai ke nan bai wuce ƙofar gida ba sai sau ɗaya.

Ba ya faɗa, ba ya kuka, ba ya ƙin abinci. Da ma yana yin ɗaya daga ciki, da na san inda zan kama. Yana tashi ya yi salla, ya gyara gadonsa, ya saka rigar sanyin nan ruwan toka da na saƙa masa, ya zo ya zauna a gefen kekena yana zura min zare a allura, tunda idona ya fara ja da baya. Ɗan shekara ashirin da tara, Yaya, da gemunsa, yana zaune a inda yake zama tun yana ɗan shekara huɗu. Masu kawo ɗinki sai su ce na yi dace da ɗa mai hankali. In yi murmushi in ce na gode.

Ɗan'uwansa kuwa yana nan yadda kika san shi. Ba a banza marigayi babansu ya sa masa Guguwa ba. Har yanzu gyaran wayar lantarki yake yi, ya hau wannan turke ya sauko ya hau wancan. In zai zo gidan nan tun daga bakin titi ake jin muryarsa. Ya buɗe tukunya ba tambaya, ya tsokani tsohuwar maƙwabciyarmu har ta biyo shi da tsintsiya, ya ɗaga ni sama ni da kujerata ina ihu. Tagwaye ne fa, fuska ɗaya, tsayi ɗaya, har wushiryar iri ɗaya, amma ko makaho ya ji shigowarsu ba zai haɗa su ba.

Guguwa ne ya samo wata likita a babban asibiti. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, sai magana. Wai ita halayyar mutane ta karanta. Da na ji haka na ce ashe har zance ya zama sana'ar asibiti, da mun sani da tuni mun kai gwaggonmu an ba ta farar riga. Da ƙyar da roƙo ya saka ɗan'uwan a mota suka je sau ɗaya. Ta ba shi takarda mai tambayoyi sittin, ko yana son taro, ko yana saurin tsorata, ko yana son gwada sabon abu. Ya amsa duka da kyakkyawan rubutunsa, ya dawo gida, ya ce ba zai koma ba, hanyar ta yi nisa.

To yanzu likitar ta aiko cewa ni take son gani ranar Alhamis mai zuwa, za ta tambaye ni yarintarsa. Tun da aka faɗa min ban sake ɗinki mai kyau ba. Jiya na dasa wa wata mata hannun riga a baibai, ni da na shekara talatin a kan keke. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, ban gaya wa marigayi ba har ya koma ga Ubangijinsa, kuma yau ma hannuna ya ƙi rubuta shi. Ki saka mu a addu'a.

Ki gaida maigidan, ki ce ina duba shi da ciwon baya. Ki shafa min kan 'yar autar jikokinki.

Taki har kullum,
ƙanwarki Uwar Biyu

Ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ban jira amsarki ba na sake rubutowa, don in na jira zan fasa.

Na je wurin likitar. Yarinya ce, ba za ta girmi tagwayen da komai ba, da tabarau da wata 'yar murya mai sanyi. Ofishinta ɗan ƙarami, kujera biyu da tebur da tukunyar fure da take neman ruwa. Labulen tagar an kalmashe shi a karkace, idona ya kasa barinsa. Ta tambaye ni haihuwarsu, na ba ta labari yadda kika sani: cewa an ce ɗaya lafiyarsa ƙalau, ɗayan kuma an ji wata ƙara a ƙirjinsa, aka ce akwai 'yar kafa a zuciyarsa, aka riƙe shi kwana tara, aka ja min kunne in kiyaye shi da sanyi da wahala. Na gaya mata ke kika yanko jan zare daga kekena kika ɗaura masa a wuyan hannu don kada mu riƙa rikita su, daga nan sunan Ɗan Zare ya bi shi.

Ni kuma na tambaye ta abin da ya kai ni. Na ce ta gaya min, tunda ta karanta, me ke sa mutum ya zama shi ba wani ba. Sai ta yi dariya ta ce malamansu ma ba su gama shiryawa a kan wannan ba. Wasu sun ce da halinsa ake haihuwar mutum, yana cikin jini kamar tsayi da launin fata, akwai jaririn da tun ranar farko yake firgita da ƙara, akwai wanda ko a jikinsa. Wasu sun ce shekarun farko ne ke yanke komai, yadda aka riƙe yaro da yadda aka sake shi. Wasu sun ce koyo ne kawai: abin da aka yaba maka za ka ƙara, abin da aka tsorata ka da shi za ka guda. Akwai kuma waɗanda suka ce mutum yana zama abin da ya yarda shi ne, in an daɗe ana gaya masa. Su kuma masu takardar tambayoyi sittin ba ruwansu da dalili, aunawa kawai suke yi, su ce wannan nasa tsoron ya yi yawa, son taronsa ya yi kaɗan.

Na ce mata mu ma a sana'armu muna wannan gardamar. In riga ta ɓaci, tela ya ce yadin ne, mai yadi ya ce yankan ne. Ta ce haka ne, amma tagwaye irin nawa yadi ɗaya ne, daga bandir ɗaya aka yanko su. Don haka in sun bambanta sosai, masana sukan duba abin da kowannensu ya gamu da shi shi kaɗai. Ta faɗi wannan tana gyara tabarau, ba da wata manufa ba. Na ce mata ina da ɗinkin gaggawa, na tashi na fito.

Ga abin da na ɓoye, Yaya. Bayan kin koma gida da mako ɗaya, suna wata biyu da 'yan kwanaki, ina yi musu wanka da hantsi. A lokacin mai ciwon ya cika, ya kamo ɗan'uwansa, babu sauran bambanci ko a hannu. Na wanke na farko na kwantar a gado, na wanke na biyu na kwantar kusa da shi. Aka yi sallama, mai kawo ɗinki ce, na fita na karɓa, muka ɗan tsaya magana a kan wuyan riga. Da na dawo zan zubar da ruwan, sai ga jan zaren yana yawo a cikin baho. Na duba gado. Jarirai biyu tsirara suna wutsil-wutsil, sun juye, babu zare a hannun kowa.

Na juya su, na duba bayan kunne, na duba tafin ƙafa, na kara kunnena a ƙirjin wannan na kara a na wancan. Ni tela ce, me zan ji? Zuciya biyu suna bugawa. Ina tsaye a kansu sai ɗaya ya yi atishawa. Atishawa guda ɗaya, 'yar ƙarama. Na ce wannan ne mai ciwon. Na yanko sabon zare na ɗaura masa, na yi ƙulli uku.

Za ki ce me ya hana ni komawa asibiti a duba. Na tambayi kaina wannan ya fi sau dubu. Kunya ce da tsoro. Ina 'yar shekara ashirin da ɗaya, dangin babansu suna ta cewa ba zan iya da biyu ba, a karɓi ɗaya. Yaya zan buɗe baki in ce ban san ɗana ba? Na ce gobe, goben ta zama wata, daga baya na lallashi kaina cewa uwa ba ta kuskure irin wannan.

Sauran kin gani da idonki. Mai zare ba ya wasan ƙwallo, ba ya shiga ruwan sama, ba ya hawa katanga, ba a aikensa. In ya yi gudu taku biyar in ƙwala masa kira. In iska ta kaɗa, rigar sanyi. Da ya kai shekara biyu, da kuma da ya kai bakwai, an duba ƙirjinsa aka ce ba a jin komai, mai yiwuwa kafar ta toshe da kanta. Sai na ce kulawata ce ta yi aiki, na ƙara ƙaimi. Ɗayan kuwa na sake shi, don hannuna biyu duk suna kan mai zare. Shi ne aike, shi ne ɗauko gawayi, shi ne faɗowa daga bishiya a ɗinke masa goshi ya koma.

Ki taimake ni, ke kika fara ɗaura zaren. Kin tuna wata alama a jikin mai ciwon? Tawadar Allah, ko tabon allura, ko yadda gashin kansa ya kwanta? Ki zauna ki yi tunani sosai. Kada ki gaya wa maigidan.

Na gaishe ku duka.

Ƙanwarki,
Uwar Biyu

Ranar Litinin

Yayata,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku a bayan gida, nan ne kawai ba ya bi na da ido. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta lafa, in gaskiya ne. Na gode da ba ki zage ni ba, ko da yake da kin zage ni da na fi samun sauƙi.

Kin ce ba ki tuna wata alama ba, su biyun kamar an tsaga wake. Kin ce in bar wa Allah, in rufe bakina, ai rabi da rabi ne, wataƙila ma daidai na ɗaura. Wallahi na so in bi maganarki. Kwana huɗu ina riƙe da wannan rabin, ina ci ina sha da shi. To an ƙwace min shi.

An zaɓi Guguwa a wurin aikinsu zai koma ɓangaren manyan turakun ƙarfe, waɗanda ake hangowa daga bayan gari. Kafin nan sai an yi wa mutum gwajin lafiya daga kai har ƙafa. Ya tafi yana cika baki, wai likitoci za su roƙe shi ya sayar musu da jini. Da yamma ya shigo riƙe da wata doguwar ambulan mai takardu a ciki, yana dariya kamar kullum, amma bai buɗe tukunya ba. Ya ce an kara masa abin sauraro a ƙirji, likitan ya daɗe yana ji, ya kira wani, aka tura shi hoton zuciya. An ga 'yar kafa. An ce tun haihuwa take, ƙarama ce, ya rayu da ita lafiya, amma za a riƙa dubawa, kuma batun manyan turaku a dakata tukuna. Wai likitan har ya tambaye shi ko ba a taɓa gaya wa iyayensa ba.

Ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa ya ce ashe su biyun ne, shi ma a saƙa masa rigar sanyi. Ɗan Zare ya yi murmushi. Ni ina kan keke, na ci gaba da takawa, ban san me nake ɗinkawa ba. Su biyun aka duba ranar haihuwa, Yaya, kina wurin. Ɗaya aka ce. Shi Guguwa tun daga ranar babu wanda ya sake kara masa komai a ƙirji, tunda ciwonsa bai taɓa wuce targaɗe da fashewar goshi ba.

Ke nan mai ciwon na tura hawa bishiya da ɗaukar buhun gawayi. Allah ne kaɗai ya tsare min shi. Mai lafiyar kuma na zaunar a gefen keke shekara ashirin da biyar, ina gaya masa safe da yamma cewa zuciyarsa ba ta da ƙarfi.

Na koma wurin likitar mai tabarau na zazzage mata komai. Na yi kuka har ta tashi ta rufe ƙofa. Na ce ta faɗa min gaskiya, ni na yi shi haka ko? Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba. Ta ce akwai yaran da ake killacewa haka su tashi su fi kowa ƙiriniya, akwai tagwayen da aka yi wa riƙo ɗaya sak amma suka bambanta, babu wanda ya san dalili. Ta ce babu ɗaya daga cikin bayanan malamansu da ya isa ya ɗauki mutum guda sukutum. Na ce to me amfanin karatun? Ko laifin ma an hana ni shi cikakke in rungume, an kuma hana ni wankewa.

Na tambaye ta ko hali yana warwaruwa, yadda nake farke ɗinki in sake. Ta ce yana sassautawa, a hankali, in mutum yana so, amma kada in sa ran zai zama ɗan'uwansa. Ta ce a ganinta yana da haƙƙin ya san zuciyarsa lafiya take, kuma daga bakina ya kamata ya ji. Ke kin ce in yi shiru, ita ta ce in faɗa. Ku biyun kuna da gaskiya, ni ce dai a tsakiya.

Ki gaida mutanen gida. Ki ci gaba da addu'a.

Ƙanwarki,
Uwar Biyu

Ranar Juma'a

Yaya abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya jikin maigidan, ya yara. Ki yafe min jinkirin amsa, wata guda ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ki kuma yafe min, ban bi shawararki ba. Na faɗa musu.

Ranar wata Lahadi ce da rana, bayan mun ci abinci. Na rufe keke, abin da ba na yi sai in an yi rasuwa, don haka suka san akwai magana. Na jawo aljihun keken na ɗauko zaren farko, wanda na tsamo daga baho. Yana nan tun ranar a cikin 'yar kwalbar maɓallai, ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. Na ajiye shi a kan tebur na ba su labari tun daga sallamar mai kawo ɗinki har zuwa atishawa. Ban rage komai ba, ban kuma nemi uzuri ba.

Guguwa ne ya fara magana. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe atishawa ɗaya ce ta cece shi daga rigar sanyi, Allah ya yi wa murar nan albarka. Ya ce in daina kuka, ai ga su nan duk a raye. Ɗan Zare kuwa ya ɗauki zaren ya miƙar da shi a kan gwiwarsa yana shafawa. Sannan ya yi min tambaya ɗaya, ya ce ke nan sunan da aka raɗa masa ma na ɗan'uwansa ne? Ban taɓa tunanin wannan ba, Yaya, wallahi duk shekarun nan ban taɓa ba. Ya ce ba komai, bai yi fushi ba, ya san don ina son sa ne. Ya ce amma in yarda da shi, in ya tsaya a gindin matakala ƙirjinsa yana matsewa da gaske, ba ƙarya yake yi ba. Na ce na yarda. Ya mayar da zaren cikin kwalba ya rufe, ya tambaye ni ko akwai allurar da zai zura min.

Da a ce ya fasa min kwanuka, ko ya kwashe kayansa ya bar min gidan yana zagina, da na yi sujada na gode wa Allah. Aƙalla da ya fita.

Kada ki ɗauka Guguwa ya tsira don ya yi dariya. An sauke shi daga hawa, an ba shi tebur a ma'ajiyar kayan aiki, yana miƙa wa abokansa igiya da safar hannu su tafi su bar shi. Likitan bai hana shi komai na gida ba, amma ya daina ɗaga kujerata. Shekaranjiya ina hango shi ta taga, ya zo matakala ukun nan na ƙofar gida, waɗanda bai taɓa takawa ba sai dai ya tsallake. Ya taka su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa a kan ƙirji. Bai san ina kallo ba. Da ya shigo tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambayar ko ba shi da lafiya ne, don ba ta ji ihunsa ba.

Likitar mai tabarau ta ce mu fara da abu ƙarami. Kada in tura shi nesa, kada in yi masa wa'azi, in ba shi wani ɗan aiki a waje wanda zai iya, in nuna masa ban damu ba. Na kwana uku ina shirya abin a raina. Jiya da safe rana ta fito sosai, babu iska. Na wanke rigar sanyin tun da wuri na shanya, don ta zama jiƙaƙƙiya. Na ce masa baƙin zarena ya ƙare, ga rigar mutane a hannuna, ya je shagon da ke ƙarshen layinmu ya karɓo min. Gida tara ne tsakani, na ƙirga. Wannan ne aike na farko da na taɓa yi masa tun da na haife shi.

Ya dube ni, ya dubi igiyar shanya. Ya saka takalmi. Ya bi tsakar gida a hankali har ƙofa. Na sunkuyar da kai na hau taka keke babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura, don kada ya ga ina kallonsa. Na ji ƙarar sakata. Na ɗago ido kaɗan. Ya buɗe ƙofar, hasken titi ya faɗo a kan fuskarsa, wani mai babur ya wuce, bai ja da baya ba. Ya ɗaga ƙafar dama ya ajiye ta a kan matakalar farko, a waje. Da idona na gani, Yaya, ƙafarsa tana waje.

Sai bakina ya yi magana. Ban aike shi ba, ban yi niyya ba, kafin in ankara na ji muryata ta cika tsakar gida tana cewa ya tafi a hankali, kada ya yi sauri, ya kula da ƙirjinsa. Kalmomin da na faɗa masa kowace safiya tun yana rarrafe, su ne suka fito da kansu. Na toshe bakin da hannu biyu, amma ya riga ya ji.

Ya tsaya a haka ɗan lokaci, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Sannan ya janyo ta. Ya rufe ƙofar, ya mayar da sakata, ya dawo ya cire takalmi ya jera su a inda yake jera su. Ya ce min kamar akwai 'yar iska a waje, in Guguwa ya zo da yamma sai ya karɓo zaren. Na ce masa babu iska, bakina ne, ya yi haƙuri ya sake gwadawa. Ya ce gobe in Allah ya kai mu. Na san irin wannan goben, ni na fara yin ta.

Na je wa likitar da tambayar yadda za a warware halinsa, ban tambaye ta nawa ba. Ashe zaren nan ba shi kaɗai na ɗaura wa ba. Ban san ta inda zan fara ba, ban san ko akwai sauran lokaci ba, kuma ina tsoron ranar da zan mutu in bar shi a gefen keken da babu mai takawa.

In gwiwar za ta bar ki, ki zo, ko na mako ɗaya ne. Ba don kina da magani ba. Ina so in ya sake zuwa bakin ƙofa a samu wanda zai riƙe min baki.

Ki gaida maigidan da yara da jikoki, Allah ya ƙara muku lafiya, ya bar zumunci. Rigar sanyin ta bushe da la'asar, ya ɗauko ta daga igiya da kansa ya saka. Maƙwabciya ce za ta kai min wannan takarda gidan waya, don har yanzu ba ni da wanda zan aika.

Taki mai kewarki,
ƙanwarki Uwar Biyu